Yadda Ake Furta Kalmar Erythropoietin, a Raba Gaɓoɓinta, a Gane Ma'anarta

Haruffa 14 ne jere da juna, babu wurin da mutum zai tsaya ya ja numfashi: erythropoietin. Ɗalibin aikin jinya yana cin karo da ita a darasin jini. Mai jinyar ɗan'uwa da ke zuwa wankin ƙoda yana ganin ta, ko wata 'yar'uwarta, a takardar likita. Mai bin labarin wasanni ma wataƙila ya taɓa jin ta a rahoton 'yan tseren keke da aka kama da laifin ƙara kuzari. Da yawa idan suka iso kanta sai su ce "iri... wannan abin dai", su tsallake. Ba laifin harshensu ba ne. Kalmar ba ta Turanci ba ce ma tun asali, daga tsohon Girkanci aka ɗinka ta, kuma su kansu Turawan sai sun koya kafin bakinsu ya saba.

Abin da ke ba mutane wahala shi ne ƙoƙarin haɗiye ta gaba ɗaya. Irin waɗannan kalmomi na likitanci ana yanka su sau biyu, kuma wuƙar ba a wuri ɗaya take sauka ba: yanka na farko na ma'ana ne, na biyu na furuci. Ni a ganina na ma'ana ya kamata ya zo gaba, domin abin da ka fahimta ba ya saurin suɓuce maka.

Mataki na farko: rubuta ta, ka nemo guntayen da aka haɗa

Ɗauki biro ka rubuta kalmar da manyan haruffa, da hannunka, ba ka tsaya kallon ta a fuskar waya ba. Sai ka ja layi bayan harafi na 7, ka sake jan wani kafin haruffa biyu na ƙarshe. Za ka samu guda uku: erythro, poiet, in.

Na farkon daga kalmar Girkanci erythros yake, ma'anarta ja, wato launi. Idan kana son ƙugiyar da za ka rataye wannan a ƙwaƙwalwa, ka tuna da ƙasar Eritiriya. Sunanta daga nan ya fito, domin Girkawa suna kiran Bahar Maliya da sunan jan teku, ƙasar da ke bakin gaɓarsa kuwa sai ta ci sunan. A bakin likitoci wannan ja kusan kullum yana nuni ne ga jajayen ƙwayoyin jini, waɗanda su ma sunansu erythrocyte, da saiwa ɗaya.

Na biyun daga poiein yake, wato yin abu ko ƙera shi. Daga wannan tushe ne Turanci ya samo kalmarsa ta mawaƙi, saboda a wurin Girkawa mai tsara waƙa maƙeri ne, kalmomi kawai yake ƙerawa maimakon ƙarfe.

Na ukun, in, ɗafa-ƙeya ne da masana ke liƙa wa sunayen sinadarai, musamman dangin furotin. Shi ne a ƙarshen insulin, da prolactin, da oxytocin. Ba ya nufin homon (sinadarin da jiki ke aikawa da saƙo ta cikin jini) kai tsaye, don akwai abubuwa da dama masu wannan wutsiya da ba homon ba ne, amma yana gaya maka cewa sunan wani sinadari kake karantawa, ba sunan cuta ko sashen jiki ba.

Yanzu karanta guntayen daga baya zuwa gaba, wanda shi ne ya dace da tsarin jimlar Hausa: sinadari, mai ƙera, ja. Sinadarin da ke sa a ƙera jajayen ƙwayoyin jini. Ma'anar ke nan baki ɗaya, kuma wannan dabarar ta karantowa daga wutsiya tana aiki a kan mafi yawan kalmomin asibiti.

Mataki na biyu: ƙirga gaɓoɓi

Ajiye waɗancan layuka, ka sake rubuta kalmar a ƙasa. Wannan karon kunne ne zai yi aiki, ba ido ba. Gaɓoɓinta 6 ne:

e – ryth – ro – poi – e – tin

Ka lura da abu biyu. Harafin t da ya zauna cikin poiet a rabon ma'ana, a nan ya yi ƙaura ya koma kan gaɓar ƙarshe, ya zama tin. Sannan wasulan nan uku da suka jeru, o da i da e, ba gaɓa ɗaya ba ne. Biyun farko suna haɗuwa su ba da tagwan wasali, na ukun kuma gaɓa ce mai zaman kanta. Nan ne mutane suka fi yin tuntuɓe: su haɗiye e ɗin, su ce "poitin", kalmar ta dawo gaɓa 5. Hanya mai sauƙi ta tantancewa ita ce ka sa bayan hannunka ƙarƙashin haɓa ka furta a hankali, ko ka riƙa buga yatsa a kan tebur. Idan bugun bai kai 6 ba, ka zubar da wata. Idan ya kai 7, ka ƙara wadda ba ta nan, kuma zan zo kan dalilin hakan.

Mataki na uku: sautukan da Hausa ba ta da su

A nan aikin yake, don haka a nan zan daɗe.

Fara da masu sauƙi. Harafin e na farko ba a furta shi kamar e na "kunne", gajeren i ne mara nauyi, kamar farkon kalmar "ita". Harafin y kuwa, wanda a Hausa kullum baƙi ne, a nan wasali ne, sautinsa i. Haka ya faru ne domin da y Latinanci yake rubuta wani wasalin Girkanci, Turanci kuma ya gaji rubutun. To amma kada ka mai da wannan doka. A cikin thyroxine, homon ɗin da wata halitta da ke gaban wuya take samarwa, y ɗin sautin ai yake bayarwa. Kowace kalma sai an ji ta. A tamu dai, gaɓa biyun farko "i-ri" suke farawa, kamar ka ce "iri" na shuka, sai dai nauyin yana kan ri.

Sai th. Wannan sauti babu shi a Hausa, kuma harshenmu ya daɗe da yanke shawarar abin da zai yi da shi. Larabci yana da shi a harafin ث, kuma duk kalmar da muka aro mai ɗauke da shi mun mayar da shi s ko t. Shi ya sa muke cewa Usman, hadisi, misali, a wani wurin kuma Talata. Don haka bakin Bahaushe zai so ya ce "iris" ko "irit". Wanda ya yi karatun tajwidi ya riga ya huta, domin mafitar sautin ɗaya ce da ta wancan harafi: ka ɗora ƙarshen harshenka a gefen haƙoran gaba na sama, ya ɗan leƙo waje kaɗan, ka hura iska ba tare da maƙogwaro ya yi rawa ba. Wanda ya saba da ajami sai ya kiyaye, don a rubutun ajami harafin yakan tsaya a madadin c, ba wannan ake nufi ba. Tsaya gaban madubi. Idan ba ka ga bakin harshenka tsakanin haƙora ba, s kake furtawa.

Matsala ta gaba ta fi wannan wayo. Gaɓar Hausa ba ta yarda baƙi biyu su buɗe ta a tare. Idan baƙuwar kalma ta zo da irin wannan cunkoso, sai mu cusa wasali a tsakani, mu raba faɗan. Haka aka samu direba, da birki, da firamare. To th da r suna maƙwabtaka a wannan kalma, don haka harshe zai nemi ya ce "i-ri-su-ro", ga gaɓa ta bakwai ta shigo ba gayya. Maganinta yana cikin Hausar kanta. Gaɓarmu tana iya rufewa da baƙi, ta gaba kuma ta buɗe da wani. Faɗi "Isra'ila". Ka ji yadda s ya rufe gaɓar farko, r ya buɗe ta biyu, ba wani wasali a tsakiya? To faɗi "isra" sau biyar, ka juya shi zuwa "risro", sannan ka tura harshe gaba zuwa haƙora ya zama "rith-ro". Rabon da ƙamus ya yi ma haka yake, th a ƙarshen gaɓa ta biyu. Game da r kuwa, kada ka damu kanka. Hausa tana da iri biyu, kowanne ka ɗauka za a gane ka.

Sai p. A Hausa p da f abu ɗaya ne, wani ya ce "fara" wani ya ce "para" kuma ba wanda zai ruɗe. A Turanci sautuka biyu ne daban. Don ka fitar da p, rufe leɓɓanka ruf, ka tara iska a bayansu, ka sake ta lokaci guda. Riƙe 'yar takarda gaban bakinka: da p za ta yi tsalle sau ɗaya, da f za ta riƙa kaɗawa a hankali.

Ɓangaren da ya fi ba ido tsoro, poie, shi ne ya fi sauƙi a bakin Bahaushe, abin har da ban dariya. Faɗi "koyi", kamar a "yi koyi da shi". Cire k ka sa p: "poyi". Shi ke nan, ka furta gaɓa ta huɗu da ta biyar daidai. Ƙara "tin" gajere, ba "tiin" mai ja ba, ka samu "poyitin".

Mataki na huɗu: ina ake danna murya

Hausa da karin sauti take aiki, gaɓa ta hau ko ta sauka. Turanci kuwa zaɓar gaɓa ɗaya yake ya danna ta, ta fi sauran ƙarfi da tsawo, sauran su lafa. Mai sauraro da ya saba da Turanci zai yafe maka s a madadin th, amma idan ka danna gaɓar da ba ita ba, zai iya cewa ka maimaita. Saboda haka ni na fi ba wannan mataki muhimmanci a kan gyaran th.

Dannawa biyu ce a kalmar. Ƙarama tana kan ri, babba tana kan poi. Ga yadda take da haruffan Hausa, manyan haruffa na nuna inda murya ke hawa:

i – RITH – ro – PO – yi – tin

Wannan shi ne furucin da ƙamusun Amurka suke sa wa a gaba. Akwai wani kuma da za ka ji, musamman a bakin mutanen Ingila, inda nauyin ke matsawa gaba da gaɓa ɗaya, a ja wasalin: i-rith-ro-po-YII-tin. Duk biyun daidai ne. Zaɓi wanda malaminka ko abokan aikinka suke faɗi, ka tsaya a kansa. Abin da ba a yi shi ne danna gaɓar farko ko ta ƙarshe.

Mataki na biyar: gina ta daga wutsiya

Idan ka fara daga kai, ƙarfinka yakan ƙare kafin ka iso inda nauyin yake. Don haka fara daga ƙarshe, kana ƙara gaɓa ɗaya a gaba kowane zagaye: tin, yitin, poyitin, ropoyitin, rithropoyitin, irithropoyitin. Kowanne sau uku, da murya a fili, ba a zuci ba. Daga nan ka naɗi muryarka a waya, ka buɗe ƙamus na intanet mai sauti, ka saurari nasu ka saurari naka. Kunnenka zai nuna maka abin da ido bai gani ba. Ƙarshe ka sa ta cikin jimla, don kalmar da ake iya faɗi ita kaɗai takan watse idan ta shiga cikin magana: "Ƙoda ce take samar da erythropoietin." Faɗi wannan har ka daina jin bakinka na shirin tsalle kafin ya iso ta.

Mataki na shida: san abin da sunan yake kira

Suna ba ya zama a kai idan babu hoto a bayansa. Ita kalmar homon ma daga Girkanci take, daga aikatau mai nufin zaburarwa, kuma masanin Ingila Ernest Starling ne ya shigo da ita a 1905. Homon ɗan aike ne: wani sashen jiki ya sake shi cikin jini, ya tafi ya isar da umarni a wani sashen mai nisa.

A nan mai aikowa ƙoda ce, wanda ake aika wa kuma ɓargon ƙashi. Jajayen ƙwayoyin jini su ke dakon iskar oksijin zuwa ko'ina a jiki, kuma kowace ba ta wuce kimanin kwana 120 take tsufa a kawar da ita. Don a cike gurbin, ɓargo yana fitar da sababbi sama da miliyan 2 a kowane sakan ɗaya. Wa ke gaya masa ya ƙara ko ya rage? Wasu ƙwayoyin halitta ne a cikin ƙoda da ke auna yawan oksijin ɗin da ke iso musu. Idan ya ragu, saboda zubar jini ko hawa tsauni mai tsawo inda iska ta yi ƙaranci, sai su saki wannan homon, ɓargo ya ƙara himma. Idan oksijin ya wadata sai su sassauta. Ɗan tayi a ciki hanta ce take masa mafi yawan wannan aiki, daga baya ƙoda ta karɓa. Wannan ne dalilin da ya sa mai ciwon ƙoda da ya yi nisa yake fama da ƙarancin jini ko da bai zubar da ko ɗigo ba: ɗan aiken ne ya daina zuwa.

Tarihin sunan ma yana taimaka wa mai haddacewa. A 1906, a Faransa, Paul Carnot da Clotilde Deflandre suka ɗebi ruwan jinin zomayen da aka zubar wa jini suka yi wa lafiyayyun zomaye allura, suka ce akwai wani abu a ciki da ke ƙara jini. Suka sa masa suna hémopoïétine, wato mai ƙera jini. A 1948 wasu masana mata biyu a Finlan, Eva Bonsdorff da Eeva Jalavisto, suka ba shi sunan da muke fama da shi yau, domin ba dukkan jini yake ƙerawa ba, jajayen ƙwayoyi kaɗai. Ka ga ashe tsawon sunan ba don a wahalar da ɗalibi ba ne, gyaran ma'ana ne. A 1957 Leon Jacobson da Eugene Goldwasser a Jami'ar Chicago suka nuna cewa daga ƙoda yake fitowa. Sai da Goldwasser ya ƙara shekara 20 kafin ya samu tsantsarsa a 1977, shi da Takaji Miyake, daga fitsarin marasa lafiya lita 2,550 da aka tara a Japan, wanda bayan duk tacewa 'yan miligiram kaɗan ya bayar. A 1989 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da irinsa da ake haɗawa a ɗakin gwaji. Sirrin yadda ƙwayoyin halitta ke gane ƙarancin oksijin kuwa, wanda bincikensa ya taso daga wannan homon, shi ya ba William Kaelin da Peter Ratcliffe da Gregg Semenza kyautar Nobel a 2019.

Mataki na bakwai: kiyaye 'yan'uwanta da masu kama da ita

A asibiti da wuya ka ji an ja sunan gaba ɗaya. EPO ake cewa, wasu su kira haruffan ɗai-ɗai, "i-pi-o", wasu su haɗe su, "ipo". Da wannan gajeren suna duniya ta san shi a abin kunyar tseren keke na Tour de France a 1998, da kuma lokacin da aka ƙwace kambunan ɗan tseren keke Lance Armstrong a 2012. 'Yan wasa suna yin allurarsa ne don jininsu ya ɗauki oksijin mai yawa, amma jini idan ya yi kauri yana jawo hawan jini da gudaji masu toshe jijiya. Ko marar lafiya ma sai da awon jini akai-akai ake ba shi.

A jikin kwalbar magani kuma wani sunan za ka gani: epoetin alfa, epoetin beta, ko darbepoetin. Duba da kyau, a nan babu i bayan o. Poetin ne, ba poietin ba, don haka furucin "i-PO-i-tin" ne, gaɓa 4. Ba kuskuren bugu ba ne, haka aka tsara sunayen magungunan wannan dangi.

Wadda ta fi haɗari ita ce erythromycin. Haruffa 7 na farko ɗaya ne, kuma mai sauri zai iya ɗauka abu ɗaya ne. Wannan maganin kashe ƙwayoyin cuta ne, babu ruwansa da ƙoda ko ɓargo. Jan da ke sunansa na ƙwayar halittar da aka samo shi daga gare ta ne, ba na jini ba. Wanda ya tsaya a rabin kalma ya ce "iri... wannan dai" ya bar ƙofa a buɗe ga irin wannan ruɗani. Saboda haka idan za ka rubuta wa likita ko mai ba da magani, rubuta sunan da haruffansa na asali, duka 14, kada ka hausantar da shi. Idan kuwa bayani kake yi wa mai jinya da Hausa, ka ce homon ɗin ƙoda mai sa ɓargo ya yi jini, ya wadatar, ya ma fi.

Gwada abin da ka koya a kan thrombopoietin. Wutsiyar ka riga ka san ta, poyitin, mai ƙerawa. Saura thrombo, daga kalmar Girkanci mai nufin gudan jini, don haka wannan homon ne da ke sa a samar da ƙananan ƙwayoyin da ke daskarar da jini idan an ji rauni, kuma hanta ce ta fi samar da shi. Gaɓoɓinsa 5, throm-bo-poi-e-tin. Sai dai a nan dabarar "Isra'ila" ba za ta cece ka ba kai tsaye, domin th da r su ne suka buɗe kalmar. Aro i a gaba, ka ce "ith-rom" har baki ya saba, sannan ka riƙa rage ƙarfin i ɗin a hankali har ya ɓace.